Imara, madani, tsara cikin gida ko difloma: wanne zai bi ka duk inda aiki ya kai ka?

Bayan sallar isha'i a gidan yayata da ke Shari'ul Mansur a Makka, ɗanta na biyu ya matso kusa da ni da waya a hannu, ya nuna mini sakamakonsa na Ƙudurat da Tahsili, jarrabawoyin shiga jami'a a nan Saudiyya. Maki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Sai ya rage murya ya ce, "Kawu, ni imara nake so, amma Baba ya ce madani ya fi kawo abinci. Ya ce kai ma da ka karanci imara ai ba zane kake yi ba yanzu."

Mahaifinsa bai faɗi ƙarya ba. Na karanci zanen gine-gine, wanda a nan muke ce wa imara, shekara biyar a Khartum, amma yau shekara bakwai ke nan rabon da in zana gidan da za a gina. Aikina a Jidda shi ne tsayawa tsakanin mai gini da ofishin zane da muƙawili, wato ɗan kwangilar gini, in tabbatar abin da wancan ya nema shi wannan ya zana, kuma shi ɗayan ya gina. Inda muka rabu da mijin yayata shi ne cewa karatun ya tashi a banza. Da abin da situdiyo, wato ɗakin koyon zane, ya koya mini nake ciyar da iyalina har yau.

Yawancin iyaye albashin shekarar farko suke tambaya. Ni abin da ya fi damuna shi ne abin da zai rage a hannun yaro ranar da kamfani ya rufe, ko doka ta sauya, ko tashin hankali ya raba shi da garinsu. Mun san wannan ranar. Wanda ya bar Khartum da jaka ɗaya bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023 ya san ta, mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama, da aka soke wa kwantiragi shi ma ya san ta. Don haka zan ɗauki hanyoyi huɗu da matasanmu suka fi kokawa a kansu, wato digirin imara, digirin handasa madaniyya (madani ke nan, injiniyancin gini da hanyoyi da ruwa), digirin tsara cikin gida, da diflomar zane da awo, in ɗora kowace a kan ma'auni guda.

Ma'aunan

Na farko kuɗi da lokaci. A haɗa kuɗin makaranta da na kayan aiki da shekarun da yaro zai yi bai kawo komai gida ba. Ga mafi yawan masu iƙama akwai riyal 400 da ake biya wa kowane murafiƙi, wato iyalin da ke ƙarƙashin iƙamarsu, duk wata tun Yulin 2020. Riyal 4,800 ke nan a shekara, 24,000 a shekara biyar, tun ba a sayi ko biro ba.

Na biyu ƙarko, wato ko ilimin zai tsufa kafin mai shi. Na uku sauƙin shiga da sauƙin gamawa. Na huɗu haɗarin doka da na kasuwa. Na biyar, wanda ni na fi ba nauyi, shi ne guzuri: abin da mutum zai ɗauka ya shiga wani aiki da shi idan ƙofar fanninsa ta rufe.

Kafin a je ko'ina, dole kowa ya san matsayinsa. Bahaushe ɗan ƙasa yana shiga jami'ar gwamnati kyauta, har da ɗan alawus na wata-wata, kuma dokar fifita 'yan ƙasa a guraben aiki tana bayansa. Mai iƙama kuwa sai ta gurbin minha, wato tallafin karatu, wanda ba shi da yawa, ko jami'a mai zaman kanta da ke cin dubun dubatar riyal a shekara, ko fita waje zuwa Masar, Malesiya, Najeriya ko Nijar. Shawara ɗaya ba za ta yi wa su biyun daidai ba.

Imara

Ana karanta ta a Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, Ummul Ƙura a Makka, Jami'ar Sarki Fahad a Zahran da Jami'ar Imam Abdurrahman bin Faisal a Dammam. 'Yan mata a Jidda sun daɗe suna karanta ta a Effat da Dar Al-Hekma. Shekara biyar ce. A Najeriya, kamar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, digirin farko shekara huɗu ne, a ƙara biyu na digiri na biyu, sannan a nemi rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine.

A ɓangaren kuɗi ita ta fi cin aljihu a ɓoye. Sai kwamfuta mai ƙarfi da za ta ɗauki manhajojin zane irin su Revit da Rhino da Lumion ba ta tsaya ba. Sai bugun manyan takardu duk ƙarshen aiki, sai kwali da katakon balsa da gam na haɗa maket, wato ƙaramin samfurin gini. Kamfanin Autodesk mai Revit yana ba ɗalibai lasisin kyauta, amma ranar da aka gama karatu kyautar ta ƙare.

Zuciyar karatun kuwa situdiyo ne, kuma duk guzurin daga nan yake fitowa. Ba aji ba ne da malami ke magana ana rubutawa. Ana ba ka fili da buƙata da wa'adi, a ce ka zo da gini. Babu amsa a bayan littafi. Kowane mako malami zai zauna a teburinka ya ja layi a kan abin da ka kwana kana yi, a ƙarshe ka liƙa takardunka a bango ka tsaya gaban juri, mutum uku ko biyar, ka kare kanka.

A shekara ta uku an ba mu zanen ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye gefen kogi, wajen Sinnar, irin Mai Wurno inda danginmu suke. Na zana gini mai kyan gani, na yi alfahari da shi. Wani dattijon malami ya duba ya duba, sai ya ce, "Ɗana, mace ta zo da yaro mai zazzaɓi ƙarfe ɗaya na rana, likita na duba wani. Nuna mini inda za ta zauna." Na nuna. Ya ce, "Rana tana ina a wannan lokacin?" Sai na ga na zaunar da ita a bangon da rana ke duka daga azahar har la'asar. Ya sake tambaya ko mijinta zai zauna cikin mata ne, kuma ina za a ɗaure jakin da ya kawo su. Ban amsa ko ɗaya ba. Na sake aikin daga tushe cikin kwana goma.

Abubuwa uku na ɗauka a ranar, kuma ba su taɓa barina ba. Na koyi shiga cikin rigar wanda zai yi amfani da abu tun kafin a yi abin. Na koyi karɓar gyara a gaban jama'a ba tare da zuciya ta ɗebe ni ba. Na koyi watsar da aikin da nake so idan ya tabbata bai yi ba. Yau idan ana taro da mai gini ya buga tebur ya ce jadawalin da muka kawo bai yi masa ba, ina ganin abokan aiki da suka fi ni lissafi suna daburcewa. Ni an saba mini da wannan tun ina shekara ashirin.

Akwai kuma sauraro. Alhaji zai zo ofis ya ce yana son gida "mai faɗi mai kyau". Aikin mi'imari, wato mai zanen gini, shi ne ya yi ta tambaya har ya gano cewa abin da ke ransa shi ne majalisin maza da baƙo zai shiga bai ga cikin gida ba, da ɗakin mahaifiyarsa a ƙasa saboda gwiwa, da ƙofa ta daban ga ɗan da zai yi aure baɗi. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tunani, don zaure da shigifa da cikin gida tsari ne na wa zai tsaya ina. Mayar da buƙatar da ba ta da kai ba ta da gindi ta zama rubutaccen sharaɗi sana'a ce mai zaman kanta. Ana nemanta a kamfanin dillancin gidaje, a tsara manhajar waya, a shirya baje koli, har a hidimar alhazai.

Sai aiki cikin ƙunci. Fili ƙarami ne, baladiyya, wato hukumar gari, ta ce a bar tazara ta gaba da gefe, kuɗin mai gini ba su kai burinsa ba, injiniyan ƙarfe yana son ginshiƙi a tsakiyar falo, mai takyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana son rufi ya sauko. Ɗalibin imara yana koyon riƙe duk waɗannan a kai lokaci guda, ya san wanne za a sassauta wanne ba a taɓawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a gini mi'imari ne yawanci ke cewa a ɗaga tare. Magabatanmu ma haka suke. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da Falke Barmu na Yama a Nijar wanda masallacinsa na ƙasa ya ci kyautar Aga Khan a 1986, ba gwanintar tubali da azara kaɗai ta ɗaga su ba. Sun iya tafiyar da leburori da masu kawo kaya da masu gari.

Abu na gaba shi ne bayani da hoto. Wanda ya yi shekara biyar yana shirya allon gabatarwa ya san yadda ake sa mutum ya fahimci abu mai sarƙaƙiya cikin minti biyar. Kowane ofis yana da rahoton da ba wanda ke karantawa, kuma wanda ya iya mayar da shi shafi ɗaya mai zane shi ake kira taro na gaba. Haka kuma tunanin yadda jama'a ke tafiya a wuri. Duk wanda ya yi jifa a tsohuwar gadar Jamrat sannan ya yi a sabuwa mai hawa-hawa, inda hanyar shiga daban ta fita daban, ya ga yadda tsara wuri ke tsare rayuka. Cibiyar binciken aikin hajji da mi'imari Sami Angawi ya kafa a 1975 irin wannan tunanin ne ya haife ta.

Ta fuskar ƙarko, manhajoji suna tsufa. Mun fara da allo da rula, aka koma AutoCAD, yanzu Revit ake tambaya, kuma ƙirƙirarriyar basira ta fara fitar da hoton gini cikin daƙiƙu. Amma tambayar malamin nan ta inda mace za ta zauna ba ta tsufa ba.

Yanzu ga inda take ciwo. Karatun yana cin barci da lafiya, kwanan situdiyo kafin taslim, wato miƙa aiki, ba labari ba ne. Maki ya dogara da ra'ayin malamai, don haka yaron da ya saba cin ɗari bisa ɗari a lissafi zai iya karaya idan aka ce masa aikinsa "bai yi magana ba". Ba a koyar da kuɗi da kwantiragi yadda ya kamata, ni sai a bakin aiki na san yadda ake karanta sharuɗɗan kwantiragin gini na FIDIC. Mafi muhimmanci, duk guzurin nan da na lissafa ba a rubuta shi a kan shahada, wato takardar shaidar karatu. Ma'aikacin ɗaukar aiki zai ga "imara", idan ba shi da gurbin zane ya ajiye takardar. Sai mai ita ya iya nuna kundin ayyukansa, ya kuma faɗa da bakinsa abin da ya iya. Wanda ya ratsa situdiyo da kwafe ko biyan wani ya yi masa maket zai fito da takarda ba guzuri, kuma shi ne ya fi kowa asara a cikin huɗun nan.

Kasuwa tana da fuska biyu. Tun da aka ƙaddamar da shirin raya ƙasa na Ru'uya 2030 a Afrilun 2016 ake ta gini a Dir'iyya da Ƙiddiyya da gaɓar Bahar Maliya, ga Expo 2030 a Riyad, ga gasar cin kofin duniya ta 2034. A Maris na 2025 an fitar da taswirar salon gini 19 na yankunan ƙasar, abin da ke ƙara daraja ga wanda ya san roshan, tagogin katako na Balad, tsohon garin Jidda, da ginin ƙasa na Najad. Amma zanen manyan ayyuka yawanci manyan kamfanonin duniya ke ɗauka. Sabon ɗan makaranta sau da yawa ƙaramin maktab, wato ofishin zane, yake samu, yana fitar da lasisin gidaje ta manhajar Balady a kan albashin da bai taka kara ya karya ba.

Madani

Ita ma shekara biyar ce a mafi yawan jami'o'in nan da na Sudan, kuma kusan kowace jami'a mai kwalejin handasa tana da ita, don haka gurbi ya fi samuwa. Kayan aikinta ba su kai na imara tsada ba. Wahalarta a lissafi take: ƙarfin kankare da ƙarfe, halin ƙasa, gudun ruwa, hanyoyi. Amma wahala ce mai adalci, don amsa ko daidai ce ko kuskure. Wanda ya yi karatu zai ci.

A ƙarko babu wadda ta kai ta. Nauyin da ginshiƙi zai ɗauka a Jidda shi zai ɗauka a Kano ko Gadarif. Abin da ke sauyawa shi ne kundin ƙa'idar gini na kowace ƙasa da manhajoji irin su ETABS da Primavera, kuma waɗannan ana koyonsu cikin watanni.

Guzurinta na daban ne: ƙididdigar kaya, farashi, jadawalin aiki, kwantiragi, kula da lafiyar ma'aikata, da ɗaukar alhakin sa hannu. Injiniyan da ya yi shekara uku a filin gini ya iya magana da lebura da direban siminti da mai kuɗi, kowa da harshensa. Daga nan ƙofofi a buɗe suke zuwa sashen sayayya, kula da gine-gine, ayyukan ruwa, da ƙungiyoyin agaji. Ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa a Sudan, gadoji da tashoshin ruwa da asibitoci za a fara tayarwa. Kuma wannan guzurin, saɓanin na imara, kowa na ganinsa a takarda. A nan mijin yayata ya fi ni gaskiya.

Kada a ɗauka madani ba ta da ƙirƙira. Rumfar alhazai ta filin jirgin Jidda, da mahajjata da yawa daga ƙasar Hausa suka kwana ƙarƙashinta, an gama ta a 1981 da tantuna 210, ta ci kyautar Aga Khan a 1983, kuma sunan da aka fi tunawa a kanta na injiniya ne, Fazlur Rahman Khan ɗan Bangaladash.

Abin da ba ta bayarwa sosai shi ne sabo da tambayar da ba ta da amsa ɗaya, da tsayawa gaban mutane a kare ra'ayi. Na ga injiniyoyi masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka daɗe a kujera ɗaya saboda ba su iya gabatar da abin da suka sani ba. Shekarun farko kuma a rana ake yin su. Doka ta hana aiki a fili daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, amma ƙarfe goma na safe a Makka ma ba wasa ba ne.

Haɗarin doka ɗaya ne ga imara da madani. Dole a yi rajista da Hukumar Injiniyoyi ta Saudiyya, kuma ga mai iƙama sabunta iƙamar a kan sana'ar muhandis, wato injiniya, yana rataye da wannan rajistar. Kason 'yan ƙasa a guraben handasa ya fara da kashi 20 cikin ɗari a Janairun 2021, ya koma 25 a Yulin 2024 ga kamfanin da ke da injiniyoyi biyar ko fiye. Ko aikin da nake yi na tafiyar da ayyuka an sa masa kashi 35 a Disambar 2023. Ga ɗan ƙasa wannan albishir ne. Ga mai iƙama ƙofa ce da ke ƙara tsukewa. Kuma duk wanda zai tura yaro waje, kafin ya biya ko riyal ɗaya ya tabbatar hukumar na karɓar shahadar wannan jami'ar, don na ga gidan da aka sayar da gwal aka biya karatun shekara biyar, takarda ta dawo ba ta shiga ba.

Tsara cikin gida

Shekara huɗu ce a mafi yawan wurare, kuma 'yan matanmu sun fi karkata gare ta. Tana da situdiyo da juri kamar imara, don haka rabin guzurin can yana nan: sauraro, gabatarwa, karɓar gyara. Ta ma fi imara kusantar da mutum ga kasuwa, don tun yana ɗalibi zai san farashin tayil da fenti da labule da fitila, ya san kafinta da mai gyfsin. Otal-otal na Makka da Madina ba sa daina gyaran ɗakuna, wuraren shan gahawa kuma kullum sabo ake buɗewa.

Rauninta biyu. Yayi yana saurin wucewa, kuma duk wanda ya iya SketchUp ya buɗe shafi a Instagram zai kira kansa mai dikor, wato ƙawata ɗaki, ya karya farashi. Na biyun ya fi tsanani: yawancin ribarta a aikin kai take, mai iƙama kuwa doka ba ta ba shi damar yi wa kowa aiki ba sai wanda ya ɗauke shi. Buɗe shago da sunan wani ɗan ƙasa shi ne tasattur, hukuncinsa yana kai wa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Kada kwaɗayin kwangilar falo ɗaya ya jefa gida cikin wannan.

Difloma

Shekara biyu ko biyu da rabi, a koyi AutoCAD da Revit da awon fili da ƙididdigar kaya. Ita ta fi araha, ta fi saurin kai yaro ga albashi, kuma ba na yarda a raina ta. Na yi aiki da masu difloma da suka fi masu digiri sanin yadda ake haɗa samfurin gini a Revit, har kamfani ba ya iya motsi idan sun tafi hutu.

Sai dai rufinta a ƙasa yake. Ana rajistar mai ita a matsayin fanni, wato ma'aikacin fasaha, ba muhandis ba, ba ya sa hannu a zane. Abin da ya koya kuma shi ya fi saurin tsufa, don a kan manhaja ya dogara, kuma zanen maimaici shi na'ura ke fara ƙwacewa. Guzurinta tsanaki ne da sauri da bin ƙa'ida, amma ba a horar da shi ya yanke shawara ba. Akwai hanyar tajsir da ake ɗorawa a kai har digiri, kuma wanda ya shiga difloma da wannan niyya ya fi wanda ya ɗauke ta matsaya.

| | Imara | Madani | Cikin gida | Difloma |
|---|---|---|---|---|
| Shekaru | 5 | 5 | 4 | 2 zuwa 2 da rabi |
| Kuɗin kayan aiki | Mai yawa | Matsakaici | Mai yawa | Kaɗan |
| Inda wahala take | Situdiyo, rashin barci, juri | Lissafi, rana | Situdiyo, gasa | Maimaici |
| Ƙarko | Tunanin na daɗewa, manhaja na tsufa | Mafi ƙarko | Yayi na sauyawa | Mafi saurin tsufa |
| Samun aikin farko | Da jinkiri | Ya fi sauƙi | Ya danganta da sanayya | Mafi sauri |
| Faɗin guzuri | Mafi faɗi | Mai faɗi a harkar gini | Matsakaici | Ƙunƙuntacce |
| Ana ganin guzurin a shahada? | A'a, sai an nuna | E | Kaɗan | E |

Wa ya dace da wanne

Idan kai ɗan ƙasa ne, kana da gurbi a jami'ar gwamnati, kuma kana jin daɗin tambayar da ba ta da amsa ɗaya, ɗauki imara ba tare da fargaba ba. Kuɗin makaranta ba ya kanka, doka tana bayanka. Ka dai ƙara wa kanka abin da situdiyo ba ya bayarwa: Excel, karanta kwantiragi, da Turanci mai kyau.

Idan kana da iƙama, gida na jiran ka fara kawo wani abu, kuma ba ka san ƙasar da za ka kasance nan da shekara goma ba, madani ta fi aminci. Takardarta tana magana da kanta a Jidda, a Kano, a Yamai, a Bur Sudan. Ka tilasta wa kanka tsayawa gaban mutane kana bayani tun kana ɗalibi, ko da a ƙungiyar ɗalibai ne.

Idan kuɗin shekara biyar babu su, kada a ci bashin da zai karya gida. A yi difloma, a kama aiki, a riƙa ajiye na tajsir.

Idan ke 'yar ƙasa ce mai son aikin kanki, mai ido a kan launi da haske, kuma ba kya jin kunyar ciniki, tsara cikin gida za ta yi miki. Idan iƙama gare ki, ki nufi aiki a kamfani ko otal, ko ki duba imara, don ita ta fi buɗe ƙofofi idan an koma gida.

Wanda yaƙi ya katse wa imara a Khartum yana shekara ta uku ko ta huɗu, shawarata ya ƙarasa ta, ko ta intanet ne ko ta sauya jami'a. Situdiyo ta waya ba ya kai na ido da ido, don haka ya nemi wani maktab ya riƙa zama ana gyara masa aiki. Wanda kuwa bai wuce shekarar farko ba, babu laifi ya sake lissafi.

Shi kuma ɗan yayata ban ce masa e ko a'a ba a daren. Na ba shi awo da takarda na ce ya auna kicin ɗin mahaifiyarsa, ya zauna ya kalli yadda take girki kwana uku, ya zana mini yadda za a gyara shi ba tare da an rushe bango ba. Ya kawo zanen farko, na nuna masa ya sa firij inda ƙofarsa za ta tare hanya, kuma ya manta Yaya a zaune take tuƙa tuwo. Na ce ya sake. Ya sake sau huɗu, a na huɗun shi ya kira ni da kansa ya ce ya gano wani kuskuren da ban gani ba. Ranar Juma'a na je na sami mahaifinsa bayan an sauko daga masallaci, na ce, "Alhaji, a bar yaron nan ya nemi imara a Ummul Ƙura, madani ta zama zaɓinsa na biyu. Kwamfutar ni zan saya."